Tsamiyar Tsohon Lambu

Shekara ashirin da ɗoriya Tsohon Lambu na Romi ya yi ba mai kula da shi, sai awaki da masu zubar da shara. A da, lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, ma'aikata kan kawo iyalansu nan ranar Lahadi su sha iska. Da masaƙu suka durƙushe, lambun ya bi su. Ciyawa ta haɗiye bencina, katanga ta zube, aka cire ƙofar ƙarfe da rana tsaka ba wanda ya ce uffan.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa ba, Baba Sylvanus, tsohon ma'aikacin masaƙa. A tsakiyar lambun akwai wata tsamiya wadda mutum uku ba za su zagaye ta da hannu ba, a jikinta kuma, daidai kafaɗar mutum, akwai kogo cike da zuma. Da zumar kogon nan ya riƙe gidansa tun ranar da aka sallame shi daga aiki. Ya san halinta fiye da yadda ya san halin maƙwabtansa. Ya san ba ta son ƙara, ba ta son turare, kuma idan zafin bazara ya yi tsanani ba a yi mata wasa.

'Yarsa ta ƙarshe, Phoebe, bai taɓa bari ta taka lambun ba. Tana shekara tara wani ƙudan zuma guda ɗaya ya biyo shi gida a cikin riga, ya harbe ta a wuya. Kafin a kai asibiti fuskarta ta kumbura, numfashinta na fita da ƙyar. Likita ya gaya masa ƙarara cewa jikinta ba ya ɗaukar dafin zuma, idan aka sake, ba lallai a iso da ita da rai ba. Tun ranar, a bakin rijiya yake tuɓe rigar aiki kafin ya shiga gida.

Ana nan sai unguwa ta farka ta tuna tana da fili. Aka kafa kwamiti, aka ba Mista Victor shugabanci, mutum mai son a kira shi Ciyaman ko a gidan makoki. Aka yanke shawarar mayar da lambun wurin biki da taro, domin mutanen Romi sun gaji da tare hanya da kanofi duk Asabar. Katafila ta shigo ta share ciyawa da shara, aka sare bishiyoyi aka sayar wa masu gawayi. Da aka iso kan tsamiya sai kowa ya fara kallon gefe.

Ciyaman dattijo ne a ikilisiyarsu, ba zai taɓa yarda a ce yana tsoron aljanun tsamiya ba. Ya ce a bar ta saboda inuwa. Malam Zakariyya'u, birkilan da aka ɗauko daga Unguwar Mu'azu, mutum ne mai tabon salla a goshi, shi ma ya ce lallai inuwa tana da amfani. Mai injin yankan itace kuwa kashe wayarsa ya yi kwana uku. Haka tsamiya ta tsira, ba tare da wani ya furta dalili ba.

Saura zuma. Ciyaman ya je har gida ya sami Baba Sylvanus.

"Baba, kai ne gwani. Ka zuba mata fetur ka ƙyasta ashana, ko ka fesa maganin ƙwari na fiya-fiya. Kwamiti ya ce in ka yi mana wannan, bikin Phoebe ne zai buɗe wurin, kyauta."

Baba Sylvanus ya ce to. Washegari da sassafe ya je da busasshen kashin shanu, ya tayar da hayaƙi, zuma ta lafa. Ya ciro saƙar da hannunsa ya kai, ya cika bokiti biyu. Sauran tana can sama cikin gangar jikin bishiyar, inda hannu ba ya kaiwa, tare da sarauniyarta. Galan ɗin fetur na ajiye a gefen ƙafarsa. Ya daɗe yana kallonsa. Abin da ya ciyar da 'ya'yansa biyar ne ake so ya ƙone da ransa, zuciyarsa kuwa ta ƙi. Ya gaya wa kansa cewa zai rataya sabuwar amya a gonarsa ta wajen Gonin Gora, in damina ta kawo kai zuma ta fara ƙaura, ya lallaɓa ta ya kwashe. Ya kai wa Ciyaman bokiti ɗaya ya ce an gama.

Abin da bai lissafa ba shi ne ɗabi'ar birkila. Birkilan kirki ba ya barin kwaɓaɓɓen siminti ya bushe a banza. In ya rage a kwanon aiki, sai ya nemo rami ko tsaga ya cusa. Ranar da aka gama daɓen fili, Malam Zakariyya'u ya waiga ya ga ragowar kwaɓi, ya ga kogo a buɗe. Ya cusa ɓaraguzan bulo, ya liƙe bakin, ya shafe sumul, da ya bushe aka bi shi da farin fenti tare da gindin bishiyar.

"Na gyara maka wurin, Baba," in ji shi, yana wanke cokalin gininsa. "Kada maciji ya mayar da shi ɗaki."

Baba Sylvanus ya yi godiya da baki kawai. Da ma'aikata suka watse ya kara kunne a jikin bishiyar. Zumar tana nan. Wani gurnani ne can ciki, mara yankewa, kamar injin niƙa a unguwar da ke nesa. Ya ɗaga kai ya yi ta dube-dube har ya gano wata 'yar kafa a gindin wani reshe, wadda ba ta fi shigar babban yatsa ba. Ta nan ƙudajen zumar suke fita ɗaya bayan ɗaya, su yi sama, shi ya sa ba wanda ya lura.

Ya so ya faɗi gaskiya, wannan kam ya so. Amma an riga an buga kati, an sanar a coci cewa Phoebe da Nathan ne za su buɗe sabon wurin a Asabar ta biyu bayan Ista, dangin ango sun fara shirin tasowa daga Filato. Ciyaman kuma ya yabe shi a gaban taron unguwa har aka tafa masa. Sau biyu yana zuwa ƙofar gidan Ciyaman yana komawa. A karo na uku ya shiga, amma abin da ya iya fitowa daga bakinsa kaɗan ne.

"Ciyaman, da za a matsar da teburin amarya can wajen ƙofa."

"Haba Baba, cikin ranar nan? Don me muka bar bishiyar? Ka je ka huta, komai yana hannu."

A gida ya ce wa Phoebe kada ta sa turare ranar bikin. Ta yi dariya ta dafa kafaɗarsa.

"Baba, amarya ba turare? Ai ka ce ka kore su."

"Na kore su, Mamana."

Sunan mahaifiyarsa gare ta, da haka yake kiranta tun tana goye. Bai taɓa yi mata ƙarya ba sai ranar, kuma bai taɓa ɗaga mata murya ba ko sau ɗaya.

Dabarar da ya yanke ita ce ta masu amya. In za a ɗauki amya daga wata bishiya zuwa wata, akan toshe bakinta da laka tun kafin zuma ta fita kiwo, a buɗe in an isa. Ran bikin, gari na wayewa, ya jingina tsani ya hau ya toshe kafar da laka da tsumma. Yini ɗaya ne kawai, in ji shi a ransa, da yamma in an watse ya buɗe. Ya manta cewa amya awa ɗaya ko biyu ake rufe ta, kuma da sanyin safiya, ba a tsakiyar Afrilu ba.

Aka ɗaura aure a coci, wajen ƙarfe ɗaya aka dawo fili. Wurin ya yi kyau, ba za a hana kwamiti wannan yabon ba. Fararen kujeru sahu-sahu, kanofi huɗu, mata cikin anko ruwan goro, ƙamshin shinkafa da soyayyen nama. Rana kuwa ta buɗe sosai, ko ganye ba ya motsi. Baba Sylvanus na shigowa cikin babbar rigarsa ya tsaya cak. Mai kiɗa ya nemi inuwa, ya jingina manyan lasifikoki biyu a jikin tsamiyar, janareta na ruri a bayanta. Teburin amarya bai fi taku goma daga gindinta ba.

Ya zagaya ta baya kamar mai neman wurin amsa waya. Simintin ragowar kwaɓi ne, yashi ya fi yawa, zafin makonnin nan ya sa ya janye daga jikin ɓawon. Yanzu dukan ganga na girgiza shi, gari na zubowa kaɗan-kaɗan. A gefen hagu wata tsaga ta buɗe, tsawon tafin hannu. Yana kallo wani baƙin kai ya leƙo, ya koma. Wani ya leƙo, ya fito gaba ɗaya.

Ya murƙushe shi da yatsa. Ya duba hagu da dama, babu laka, babu tsumma, ko'ina daɓe ne sumul. In ya ruga neman wani abu, kafin ya dawo sun sami hanya. In ya yi ihu, mutum ɗari uku za su tashi a guje, a ture lasifika, simintin ya faɗo gaba ɗaya. Sai ya tattara bayan babbar rigarsa ya ninka, ya juya ya jingina da tsagar, ya kafe ƙafafunsa a ƙasa ya danna da dukan ƙarfinsa.

Harbin farko ya same shi a ƙarƙashin kafaɗa. Wannan ba komai ba ne, ya sha dubunsa. Amma ya san warin harbi kiran sauran yake yi. Na biyu da na uku suka zo tare, daga nan ya daina ƙirgawa. Ta cikin ƙashin bayansa yake jin gurnanin, ya fi na lasifikar ƙarfi. Masu wucewa na gaishe shi, yana amsawa da kai. Wata tsohuwa ta ga hawaye a fuskarsa ta ce, Allah sarki, rabuwa da auta ba sauƙi.

Malam Zakariyya'u ya zo cin shinkafar biki cikin farar shaddarsa. Baba Sylvanus ya yafuto shi da ido.

"Malam Zakari, kada ka nuna a fuskarka. Zumar tana ciki, ban kashe ta ba. Simintin ya tsage, ni ne na toshe shi."

Birkilan ya dubi wuyan tsohon, ya ga yadda ya fara kumbura. Ya yi salati a hankali.

"Ka je ka gaya wa Ciyaman a kunne. A rage kiɗan kaɗan-kaɗan, kada a kashe farat ɗaya. A fara sa amarya a mota. Sauran a ce su koma coci za a raba abinci."

Malam Zakariyya'u ya tafi da sauri ba tare da ya yi gudu ba. Bai kai ga Ciyaman ba mai gabatarwa ya ɗauki makirufo ya ce lokaci ya yi da uban amarya zai fito ya taka rawa da 'yarsa. Aka sa tafi. Baba Sylvanus ya girgiza kai. Aka ƙara tafi, ana dariya, an ɗauka kunya ce. Sai ya ga Phoebe ta miƙe, ta tattara farar rigarta da hannu ɗaya, ta nufo shi tana murmushi, wuyanta da kafaɗunta a buɗe.

Tun tana taku biyar ya ji ƙamshin turarenta. Abin da ke bayansa ma ya ji, gurnanin ya canja. Wani ƙudan zuma ya sulale ta gefen wuyan rigarsa yana tafiya a kan kunnensa.

"Baba, taso mana," in ji ta, ta miƙo hannu. "Yau kam ba ka da wurin ɓuya."

In ya gaya mata gaskiya, ya san 'yarsa. Ba za ta gudu ba, rungumo shi za ta yi ta janye shi daga bishiyar.

"Koma," ya ce.

"Baba?"

"Na ce ki koma. Kin yi aure, ki bi mijinki, me kike nema a wurina? Na gaji da ɗawainiyarki. Ki tafi, kada ki ƙara matsowa inda nake."

Ya faɗe shi da ƙarfi, yadda na kusa duk suka ji. Tafin ya mutu. Hannunta ya daɗe a miƙe kafin ta sauke shi. Ta dube shi kamar baƙon da ta yi kuskuren gaisarwa, ta juya. Nathan ya taso ya riƙe ta, ya watsa wa surukinsa wani kallo, ya wuce da ita. A lokacin Ciyaman ya iso gare su a firgice, Malam Zakariyya'u a bayansa, yana nuna musu mota.

Kiɗan ya fara raguwa. Baba Sylvanus ya bi motar da ido har ta kai ƙofa. Gilashin a rufe yake, ya gode wa Allah da wannan. Phoebe na zaune a baya ta sunkuyar da kai, ba ta waigo ba. Harshensa ya yi nauyi a bakinsa, yana jin simintin na motsi a bayansa kamar haƙorin da ya kusa fita. A fili kuwa mutane na tashi a hankali, suna gunaguni, mata na tsayawa ɗaure ragowar abinci a leda, wasu na juyowa suna kallon uban da ya wulaƙanta 'yarsa ranar aurenta. Ya ƙiyasta sun kai ɗari biyu da ba su fita ba tukuna. Ya gyara tsayuwa, ya ƙara dannawa.