Tattabarun Gwal

Shekara talatin Mai Tattabaru yana sakin tsuntsaye a bikin mutane, ko ɗaya ba ta taɓa ɓata ba. Sirrin sana'ar ba wani abu ba ne: iyaye yake ɗauka, masu 'yan shila a sheƙa. Uwar da ta bar baki buɗe a gida ba ta tsayawa kallon gari. Ko a bangon duniya aka sake ta, kafin ya iso da babur ɗinsa ta riga shi.

Ranar nan goma sha shida aka nema, farare ƙal, ɗaya don kowace shekara ta yarinyar da ake wa bikin ranar haihuwa. Sai da ya haɗa da wadda yake kira Tsohuwa suka cika. Ita ce ke jan garken, kuma 'yan shilanta biyu ko gashi ba su yi ba.

Gidan bikin kuwa, kai, gani ya kori ji. Tun daga ƙofa komai ruwan gwal ne: kujeru, labule, balan-balan, har ganyen furannin da Allah ya halitta kore an bi su da fenti. Kek ɗin ya fi Mai Tattabaru tsawo, ga mutum biyu sun saita masa fanka kada ya narke. A tsakar fili an ɗaure wata mota sabuwa dal da ƙyalle kamar kwalin alewa, kyautar yarinyar da ko lasisi ba ta isa yi ba. Ya tambayi wani mai jera kujeru ko aure ake ɗaurawa. Mutumin ya kwashe da dariya, ya ce ai wannan wasa ne, bara da inji aka yi ta zubo musu ƙanƙara daga sama.

Uwar biki ta iso tare da mai ƙawata wurin, wata mata mai waya biyu a hannu. Uwar bikin ta leƙa kwandon tattabarun, ta yamutsa fuska, ta ce fari ba ya cikin launin bana.

"Haka Allah ya yi su, ranki ya daɗe," in ji shi.

Sai ta dubi mai ƙawatar. Nan da nan aka ce ya zagaya baya wajen direbobi ya ci abinci, wai rigarsa za ta ɓata hoto, kwandon kuma a bar shi nan cikin inuwa. Bai saba rabuwa da kwandonsa ba, amma baƙo ba ya musu a gidan mutane. Ya tafi. Da na sani ƙeya ce.

Wari ne ya fara tarbarsa da ya dawo. Ya ɗaga murfin. An feshe su. Da gwangwanayen da aka fesa wa furanni aka feshe su, tun daga kai har wutsiya. Gashinsu ya manne, bakunansu a buɗe suna haki. Tsohuwa ido ɗaya ya liƙe. Salati kawai yake yi, ya ma rasa wanda zai tambaya.

"Kada ka damu, Baba," in ji mai ƙawatar, idonta a kan waya. "Mai saurin bushewa ne."

"'Yata, da gashin nan suke tashi. Suna da 'ya'ya a gida."

Ya rungume kwandon yana roƙo a bar shi ya je ya wanke su tun fentin bai kama fata ba. Ina! An riga an tsayar da kiɗa, mai gabatarwa ya fara ƙirga, wasu ƙarti biyu suka zare kwandon daga hannunsa kamar da wasa. Yarinyar ta buɗe murfin.

Sun yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ɗaya ta faɗa tsakiyar kek, uku suka zube cikin tafkin ninkaya, sauran suka bazu a ƙasa suna jan fuka-fuki tsakanin takalma. Tsohuwa ce kaɗai ta yunƙura, ta daki iska da ƙyar, ta haura katanga.

Mai Tattabaru ya zaci za a yi kururuwa. Sai ya ji tafi. Wayoyi suka tashi sama, samari na riƙe ciki don dariya. Yarinyar ta ja da baya, ta dafe baki, ta waiwayi uwarta. Da ta ga uwar na murmushi, ita ma ta yi. Wannan ya fi fentin girgiza shi. Ya faɗa ruwan da tufafinsa yana tsamo tsuntsayensa, aka ɗauki wannan ma a waya.

Shi da mai ɗakinsa suka ƙarasa wunin a tsakar gida da man girki da sabulu. Matar da ko kaɗan ba ta raga wa tattabarun nan, kullum cikin mitar sun ɓata mata shanya take, ita ce ke hawaye tana goge musu ido da bakin zaninta. Shida suka mutu a hannunsu. Ya hau rufi ya kaɗa gwangwanin tsaba, ya yi fito har leɓensa ya bushe, Tsohuwa shiru. Da kukan 'yan shilanta ya ishe shi, ya tauna tsaba ya ɗura musu baki da baki, yadda ya ga mahaifinsa na yi.

Da safe mai ɗakin ce ta ga Tsohuwa da ta fito shara. Tana gindin bango, daidai ƙarƙashin sheƙarta, ta sandare, tana ƙyalli a hasken rana. Ta iso. Hawan ne ya gagare ta.

Yana tsugune a kanta wayarsa ta yi ƙara. Muryar wata mata ce, mai daɗi, mai ladabi. Ta ce ta ga hoton jiya, gari ya ɗauka, 'yarta kuma za ta cika sha bakwai a wata mai zuwa. Irin waɗannan take so, amma ruwan hoda.

"Sai dai don Allah, Baba," ta ce, "a zaɓo mana masu ɗan tashi."