Matar Mai Keke a Ƙasa

Wani Keke Napep ya sake cin burki a gaban Kellu da mijinta, Babagana direba ya leƙo.

"Haba Ajimi! Kai da kekenka a gida, ka bar marar lafiya tana taka ƙasa? Ya Kellu, shigo in kai ki."

Kellu ta gyara lafayar da ta lulluɓa da ita tana dariya. Mijin nata kuwa ya fara bayanin da duk unguwar Hausari ta gaji da ji: maganin kansar maman da ake ƙara mata a jijiya yana iya raunana zuciya. Likita ta ce a rage gishiri, a riƙa tattaki kullum. In zuciyar ta yi rauni, dole a dakatar da maganin.

"Mu dai a saninmu marar lafiya kwanciya yake yi," in ji Babagana, ya ja kekensa.

Ita Kellu tsoron dakatarwar nan ne ke hana ta sakat, shi ya sa ko jiri take ji sai ta fito. Matsalarta ɗan rakiyar ne. Ajimi mutum ne da ko masallacin bakin layi da keke yake zuwa. Ga tumbi masha Allah. Kafin su kai kwanar masu ɗinki ya jiƙe sharkaf, yana huci kamar tukunyar ɗanwake.

"Baban Hanifa, wai ni ce majinyaciyar ko kai?" in ji Kellu.

"Tafi kawai, sahunki nake gadi."

Da hantsi suka isa asibiti gwajin zuciya. Likita ta shafa mata wani man shafawa mai sanyi a ƙirji, ta daɗe tana kallon allon na'urar. Ajimi kuwa sai murza hularsa yake.

"Zuciya lafiya lau," in ji likita. "Za mu ci gaba da magani."

Sai ga ƙaton mutumin nan ya zauna daɓas a ƙasa, yana kuka wiwi.

Likita ta dube shi. "Malam, tun shigowarka nake jin numfashinka. Yaushe rabon da a auna jininka?"

"Ni ai rakiya na zo."

"Hau gadon."

Kellu ta sauko a hankali, ta karɓi hularsa da takalmansa, ta zauna a kujerar masu jinya.