Ƙofar da Ta Raba Sabo da Ɗanliti

Tun da Sabo ya dawo Bande daga Aljeriya, zama ya gagare shi. In ya ɗauki hauya ya nufi gona, kafin ya gama kunya ɗaya ya jingine ta, ya tsaya yana kallon hanya. Matarsa Furera ta sa masa ido.

A can Aljer, babban birnin ƙasar, shi da abokinsa Ɗanliti, mutumin Dogo-Dogo, ɗaki ɗaya suka kama a bayan gari. Kowace safiya sukan shiga jirgin ƙasan da ke kwasar ma'aikata zuwa cikin birni, su sauka kusa da shantiye, wurin ginin da suke ɗaukar siminti. Jirgin ba ya jiran kowa. Wata safiya Ɗanliti ya riga shi shiga, Sabo na ɗaga ƙafa sai wani mai kaki ya riƙe masa hannu yana tambayar takardu. Ƙofa ta rufe. Ya hangi Ɗanliti ta gilashi yana bugunsa da tafin hannu, jirgi ya ja. Aka loda su Sabo a kamiyo, babbar motar kaya, zuwa iyaka, salularsa ta ɓace a hanya, lambobinsa duka a ciki.

Ya iso gida lafiya. Ɗanliti kuwa, ko an cafke shi a tasha ta gaba, ko hamada ta ci shi, Sabo bai sani ba.

Wata rana Furera ta ajiye masa fura ta ce, “Maigida, ka je ka ga mahaifiyarsa. Wannan kai-da-kawon ba zai kawo maka labari ba.”

“In ta tambaye ni ina ɗanta, in ce mata me?”

“Ka ce abin da idonka ya gani.”

Washegari ya hau kabu-kabu zuwa Dogo-Dogo. Ruwa ya ɓata hanya, sai sun sauka sun tura babur a cikin taɓo, shi kuwa yana ta juya maganar da zai fara da ita. Ya tarar da tsohuwar, Inna Hindatu, tana ɓarar gyaɗa cikin ƙwarya a gindin bishiyar bedi. Da ya faɗi sunansa sai ƙwaryar ta suɓuce mata.

“Kai ne Sabo? Ɗana, ai Ɗanliti ya hana mu barci da zancenka! Kullum ya kira sai ya ce a je Bande a tambaya, mu kuma tsoro muke mu kai wa iyalinka mugun labari.”

Ta aika aka karɓo salular maƙwabcinsu, aka kira shi, ta miƙa wa Sabo. Muryar Ɗanliti ta fito, hayaniya a bayansa. Ya yi ta salati, ya yi dariya, ya koma kuka. Ya ce ya daɗe yana sauka a kowace tasha yana duba fuskoki. Sannan ya ce, “Kayanka na nan, ban bar kowa ya hau katifarka ba. Mai shantiye ma yana cigiyarka. Yaushe za ka taso?”

Inna Hindatu ta karɓe salular ta ce wa ɗanta, “Kai dai ka dawo, kada ka janye mini wani.”

Da ya koma gida ya kwashe duka ya gaya wa Furera, har da zancen katifa. Ta daɗe tana kallon hatsin da ciyawa ta fara rufewa a bayan danga.

“Ba zan riƙe ka ba,” ta ce. “Amma ba za ka bar ni da wannan gonar ba. A yi girbi tukuna.”

Ya yi noman, ya yi maimai, hatsi ya yi kyau a shekarar. Ana gama ɗaure dammuna ya sa su a rumbu, ya gyara rufin ɗakin Furera. Ranar kasuwa ya je tasha, ya tsaya kusa da motar Damagaram yana tambayar direba yadda hanyar Agadas zuwa Aljeriya take yanzu. Direban ya ce ta yi tsanani, ana ta maido da mutane. Sabo ya gyaɗa kai, ya ce a ajiye masa wuri kusa da taga.