Ran da Ka Daina Zuwa Gaya

"Maimaita mini, Yaya Larai. Yadda ya faɗa ɗin nan."

"Cewa ya yi, ran da ka daina zuwa Gaya a turo manya a sa rana."

Maiwada ya saki keken ɗinkinsa ya miƙe, har kwalin zare ya kife. Tun bara, da tarin fuka ya kwantar da shi, mahaifin Suwaibatu ya jingine maganar aurensu. Bai kore shi ba, bai kuma ce ya zo ba. Duk garinsu Gafasa an san inda Kawu Gaji ke goya shi a keke kowane wata: asibitin Gaya, karɓo magani. Yau ga amsa ta fito daga bakin dattijon da kansa.

Larai ta riƙo hannun rigarsa ta ce ya zauna, ai nufin mutumin sai asibiti sun sallame shi. Ta tuna masa malamin asibiti ya ce ciwon laɓewa yake yi idan ya ji magani, kuma ƙwayoyin nan sai ya kai damina mai zuwa yana sha.

Maiwada ya yi dariya. Ya ce an gama allurai tun kaka, ai allura ce magani, ƙwayar nan mai ɗaci da ke murɗa masa ciki rakiya kawai take yi. Ya bugi ƙirjinsa, ya nuna mata yadda wuyansa ya ciko. Ya sungumi buhun gyaɗar da ke jingine a zaure, ya zagaya da shi, ya dire yana haki, idanunsa na ƙyalli. Suwaibatu yake gani a ransa, da lalle har gwiwar hannu, tana leƙen sa ta gefen mayafi.

"Damina, Yaya? Kin san masu sallama a ƙofar gidansu kuwa?"

Wani ƙaiƙayi ya taso masa a maƙogwaro. Ya juya baya ya haɗiye shi.

Sai ga ƙararrawar keke a waje. Kawu Gaji ya leƙo ya ce gobe su yi sammako, kafin layin karɓar magani ya yi tsawo.

Larai ta kafe ƙanenta da ido. Shi kuwa murmushi yake yi har kunne.

"Kawu, gobe babbar riga za ka sa. Gidan su Suwaibatu za ka. Ni na daina zuwa Gaya."