Mazan da Auta Ya Ƙera

A ofishin su Auta ba a wasa da sallah. Da an kira azahar ake rufe kwamfutoci, a ture kujeru gefe, a shimfiɗa darduma tsakanin tebura, mai kamfanin ya shige gaba. Shi ya sa ma suke ce masa Liman. Ƙaramin kamfani ne a saman bene, aikinsu kuwa manhajar haɗa aure ta Musulmi, wadda suka tallata da cewa babu shashanci a cikinta, babu yaudara.

Sai dai mata sun cika manhajar, maza sun ƙi zuwa. Mace ta shiga, ta leƙa, ta ga wayam, ta fita. Masu zuba jari suka fara tsuke fuska. Nan Liman ya kawo shawara a ƙera maza: hoton da kwamfuta ta zana, da sana'a, da shekaru, da injin da zai riƙa amsa saƙo kamar mutum. Na ɗan lokaci ne, in ji shi, kafin na gaske su iso, kuma ai niyyar alheri ce. Auta ya ce wannan ƙarya ce. Sau ɗaya ya faɗa, ƙasa-ƙasa, kamar mai neman a matsa masa a mota. Liman ya dafa kafaɗarsa ya ce kowane kamfani da haka ya tashi. Shi ke nan, Auta ya koma mazauninsa ya yi aikin, ya kuma yi shi da kyau. Shi ya koya wa mazan nan ladabi: su tambayi mace yadda ta wuni, su tuna abin da ta faɗa jiya, kada su yi gaggawa. Ranar ma a sahun farko ya yi sallah.

Yayarsa nas ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida wurin Umma, daga asibiti sai ɗaki, dariyarta sai an roƙa. Kwanan nan kuwa ta sauya. Tana gugar farin kayan aikinta tana ɗan waƙe-waƙe, ta sayi sabon turare, waya na ƙara sai ta kife ta a cinya. Umma ta lura, ta tambaya, aka gaya mata a ɓoye.

Wata Asabar da rana Yaya ta kira shi ɗakinta.

"Kai, mai kan kwamfuta, zo ka yi wa yayarka amfani ko sau ɗaya a rayuwarka."

Ta ce kunya ce ta hana ta gaya masa ta shiga manhajarsu. Akwai wani malamin makaranta, matarsa ta rasu, mutum ne mai natsuwa. Har yanzu bai nemi su gana ba, ita kuma wannan kamun kan ne ma ya burge ta. Tana so Auta ya duba mata shi a ofis, tunda shi ne namijin gidan. Ta miƙo wayar tana kallon bango.

Ya karanta saƙon ƙarshe. "Allah ya ba ki ladan tsayuwar yau. Kin dai samu kin ci abinci?"

Shi ya rubuta wannan layin da hannunsa, ya ware shi don matan da ke aikin asibiti. Ya ce zai duba. Ta ja kunnensa ta ce in ya bari abokansa suka ji, sai ta yi masa allura.

Ran Litinin ya shiga wurin Liman ya rufe ƙofa, ya gaya masa maganar yayarsa. Liman ya yi salati, ya riƙe kai, sannan ya ce abin da sauƙi. A sa malamin ya rubuta mata sallama mai daɗi, ya ce danginsa sun zaɓa masa wata. Za ta yi kuka, ta manta, asirin kowa ya rufu.

"Sauran matan fa?" in ji Auta.

"Su ai ba yayyenka ba ne."

Auta ya dube shi. Shi ma sai da abin ya taɓa gidansu ya tuna cewa kowace a cikinsu yayar wani ce. Ya ce ko a sanar da su gaskiya yau, ko shi ya sanar. Liman ya ce ya yi tunanin cin abincin ma'aikatan da ke waje. Auta ya ajiye makullin ofis a kan tebur ya sauko.

Ya tarar da Yaya ta dawo daga aiki, tana zaune bakin gado tana murza ƙafafu. Bai yi kwana-kwana ba. Ya gaya mata babu malami, babu matar da ta rasu, fuskar ma ba ta kowa ba ce.

Da ta yi magana, muryarta lafiya lau, irin wadda take yi wa dangin majinyaci.

"Maganganun fa, wa ya rubuta?"

"Ni ne, Yaya."

"Ashe ka san abin da mace irina take son ji." Ta ɗan yi murmushi. "Muna gida ɗaya, ba ka taɓa tambayata ko na ci abinci ba."

Ya durƙusa zai ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Na yi istihara a kansa, Auta. Na ɗaga hannu na kai wa Allah maganar abin da ka ƙera."

Ta tura masa wayar da yatsa ɗaya, ta ce ya goge, ita ba za ta iya ba. Ya goge. Sannan ta ce saura Umma, wadda ta riga ta shafa wa ƙannenta labarin. Ita dai ba za ta buɗe baki ta ce ta so inji ba. Sai dai shi ya je ya faɗa da bakinsa.

Ɗakin Umma a buɗe yake. Tana kan darduma da carbi, ta hango shi, fuskarta ta washe.

"Shigo, ɗan albarka. Yanzu nake gode wa Allah da ya sa aikinka ya zama silar farin cikin 'yar uwarka. Ka duba mata mutumin?"

Auta ya cire takalmansa ya shiga.