Injuna Shida Da Suka Ƙi Lalacewa

Dakta Millicent ta yi shekara biyu tana bin ofis-ofis kafin sashen injiniyanci ya yarda ta gwada kwas ɗinta. Abin da ya dame ta bai wuce ɗaya ba. Ɗalibi zai kai aji uku, ya zana maka inji a allo har da ƙananan kusoshinsa, amma ka miƙa masa sifana sai ya riƙe ta kamar an ba shi jaririn wani. Saboda haka ta tsara kwas da babu lakca a cikinsa. Za a ajiye wa ɗalibai inji mai matsala, su nemo matsalar da hannunsu, su gyara, sannan su rubuta yadda suka gano ta. Shugaban sashen, Farfesa Abdulaziz, ya sa hannu da ƙyar, ya ce gwaji ne kawai. A mako na biyar kwamiti zai zo ya gani da ido, in bai gamsu ba a koma wa allo da alli.

Aka ba ta injunan ban ruwa guda shida, irin waɗanda manoman rani ke jan ruwa da su a Dadin Kowa, da ɗalibai talatin, da ranar Laraba ƙarfe takwas na safe. Ɗakin injunan kuwa yana hannun Malam Bappayo, wani dattijon ma'aikaci mazaunin Hammadu Kafi, wanda ya shekara ashirin da huɗu yana riƙe da makullinsa. Baffa ɗalibai ke ce masa, kuma sun san lagonsa sarai: ka marairaice masa kaɗan, duk abin da ya sani ka sani. Wannan ya sa Dakta ta ƙudurta ba za ta gaya masa shirinta ba. Ta dai ce masa yara za su riƙa aiki da injunan.

Ya ce, "To, Dakta. Allah ya taimaka."

Ranar Talata bayan la'asar, da ta tabbatar ya tashi aiki, ta buɗe ɗakin da nata makullin, ta naɗe hannun riga. Inji na farko ta toshe masa tiyon fetur da ɗan tsumma. Na biyu ta matse masa bakin filogi. Na uku ta cusa leda a matatar iskarsa. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin cutarsa, ta kuma ja igiyar kowanne har kafaɗarta ta yi tsami, babu wanda ya ko yi tari. Ta koma gidanta a Manawashi tana ta murmushi ita kaɗai a cikin keke.

Da safe ta raba ɗalibai biyar-biyar, ta tsaya a tsakiyarsu ta ce, "Kowane inji a nan yana da matsala. Ba zan gaya muku ba, kada ma ku tambaye ni. Ku fara."

Wani dogon yaro mai suna Danny ya taka injin rukuninsu, ya ja igiya sau ɗaya. Inji ya kama da ƙara. Kafin ta rufe baki na biyu ya tashi, na uku ya bi, cikin minti ɗaya duk shida suna ruri, hayaƙi ya cika ɗaki. Ɗalibai suka zuba mata ido. Wata 'yar siririya mai suna Na'ima ta ɗaga hannu, ta yi magana da ƙarfi don a ji ta.

"Ma, ai sun yi starting. Me za mu rubuta?"

Dakta ta sa aka kashe injunan, ta ɗauki alli, ta yi musu lakcar awa biyu a kan yadda fetur ke haɗuwa da iska, wato ainihin abin da ta yi shekara biyu tana yaƙi da shi. Suka kwafa cikin jin daɗi kuwa, don wannan ne suka saba. Bayan sun fita ta kwance tiyon inji na farko. Babu tsumma, babu alamarsa.

Ruwa ba ya tsami banza, in ji ta a ranta, kuma Danny ta fara zargi, don ta ji an ce mahaifinsa bakanike ne. Ta sayo sabon kwaɗo, ta riƙe makulli ɗaya, ta ba Malam Bappayo ɗaya. Talata ta sake ɓata su, wannan karon da mugunta. Laraba suka tashi da ja ɗaya-ɗaya, har na huɗun da tun asali yake ɗan ciccije yanzu ya fi kowa santsin murya.

Daga nan ta fara shakkar kanta, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Ita ma fa a allo ta koyi yawancin abin da ta sani. Ko dai ba ta ma iya ɓata inji ba? Ranar Asabar da rana ta tsuguna gaban janaretan gidanta, ta yi masa abin da ta yi wa inji na biyu, ta koma ta zauna kamar ba ita ba. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar kallon ƙwallo a talabijin. Maigidanta Fredrick ya fita ya yi ta jan igiya har ya jiƙe sharkaf, yana tsine wa wanda ya sayar masa da janaretan. Janareta bai tashi ba. Ta ji sanyi a ranta na minti ɗaya, sannan ruɗanin ya dawo ya ninka. To in hannunta na aiki a Manawashi, me ke warware shi a makaranta? Da ta ba Fredrick labari, bayan ya huce, cewa ya yi wataƙila aljanun ɗakin sun yi karatun injiniya. Ba ta yi dariya ba.

Litinin ta tarar da Malam Bappayo yana goge teburin kayan aiki. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, akwai mai shiga ɗakin nan in an tashi?"

Ya sunkuyar da kai. "Daga ni sai ke, Dakta."

"Injunan fa, lafiya kake ganinsu?"

"Lafiya ƙalau suke. Kada ki sa komai a ranki."

Ta so ta ƙara tambaya, amma ta ina? In ta ce wani na gyara su, ta tona cewa ita ke ɓata su. In kuma ta matsa, ya zama tana tuhumar sa'an mahaifinta. Ban da haka, a tunaninta, wa zai kwance injin da ba a ce masa ya lalace ba? Ta yi masa godiya ta wuce, shi kuma ya ci gaba da goge wurin da ya riga ya goge.

A mako na huɗu ta yi dabarar zuwa da sassafe don ta ɓata su gab da shigar ɗalibai. Ƙarfe bakwai ta iso, ta tarar da ƙofa a buɗe, dattijon na shara, wasu ɗalibai har sun zauna a baranda. Ta tsaya da sifana a jaka kamar ɓarauniya, ta gaisa da kowa, ta sake yin lakca.

Ranar kwamiti ta zo. Tun Talata da yamma ta yi wa injunan ɓarnar da ba ta taɓa yi ba, na shida ma har cikin kafireto, mahaɗar fetur da iska, ta shiga. Tsarin shi ne ɗalibai su fara aiki ƙarfe takwas su kaɗai, ita tana ofishin Farfesa tana yi wa kwamiti bayani, ƙarfe tara a taho a ga inda suka kai. Ta yi bayanin dai, amma ita kanta ba ta san me take faɗa ba. Tun daga nesa, suna tafe a baranda, ta jiyo rurin injunan.

Injuna shida na aiki, ɗalibai talatin na tsaye a bayansu da fararen hannuwa tas. Farfesa Abdulaziz ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabarau, ya mayar.

"Duka shidan? A awa ɗaya?" Ya juya ga sauran 'yan kwamitin biyu. "Kun gani? Gani ya kori ji. Ni da kaina na yi shakkar abin nan, amma yau na sallama."

Ɗalibai suka yi tsit, don babu mai mayar da yabo in ya zo har gida. Farfesa ya ɗora takardar amincewa da kwas ɗin a kan tebur, ya rattaba hannu, ya miƙa wa na kusa da shi.

A lokacin ne Malam Bappayo ya matso kusa da ita, kamar zai ɗauki wani abu a bayanta, ya yi ƙasa da murya.

"Na shidan ya ba ni wuya yau, Dakta, tun ƙarfe shida nake kansa. Amma kada ki damu. Babu mai ji daga bakina."

Ta juyo ta dube shi. "Kai ne?"

"Kullum da safe sai na tayar da kowane inji a ɗakin nan, tun ranar da aka ba ni makulli. Makon farko na ga duk sun mutu, na ce yara ne. Mako na biyu na dawo ɗaukar hulata, na hango ki ta taga kina fama da gyaransu." Ya kau da kai don kunya. "Gyara sai a hankali, Dakta, kowa da haka ya fara. Na ce bai kamata a ga gazawarki gaban yara ba."

Mako huɗu ke nan dattijon na tashi da asuba yana rufa mata asiri. Ta ji kamar ta yi kuka, ta ji kamar ta shaƙe shi, ta kuma ji kunyarsa ta rufe ta, duk a lokaci guda. Ta dubi takardar. Mutum na biyu ya sa hannu, na uku na neman biro. Abin da ta yi shekara biyu tana nema ga shi nan, saura hannu ɗaya. Ta dubi hannuwan Na'ima, ko ɗigon baƙin mai babu.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a dakata."

Aka kashe injuna, ta faɗi komai, ba ta rage ba. Farfesa ya saurara yana duban ta, yana duban Malam Bappayo.

"Tsaya in fahimta. Ke kina ɓatawa, shi yana gyarawa."

"Haka ne."

"Su kuma ɗaliban?"

"Suna jan igiya."

"To kwas ɗin wa na sa wa hannu?"

Dakta ta roƙi a ba ta minti goma. Aka fitar da ɗalibai, ta tsuguna gaban inji na biyu a kan idon kwamiti, ta matse bakin filogi, ta mayar, aka dawo da su. Danny ya ja igiya, shiru. Ya sake ja, shiru. Ya ja har sau bakwai, sannan ya miƙe yana haki. Su talatin ɗin nan, babu wanda ya kalli injin, gaba ɗaya suka juya suna kallon Baffa.

Farfesa ya duba agogo. Ba mugun mutum ba ne, har ma ya ɗan yi jinkiri kafin ya karɓi takardar ya ja layi a kan sa hannunsa.

"Dakta, na yaba da gaskiyarki. Amma mako biyar sun tafi, kuma abin da na gani shi zan rubuta. Kwas ɗin ba zai shiga tsarin baɗi ba. Ki ƙarasa zangon yadda kika ga dama."

'Yan kwamiti suka fita. Dakta ta ce wa ɗalibai ga akwatin kayan aiki nan, ga inji nan, ita ba ta da abin faɗa. Sannan ta dubi dattijon.

"Baba, zo mu zauna a waje."

Suka zauna a kan benci a baranda, shi a wannan gefe, ita a wancan. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa kafin ya yi magana.

"Ashe da gyara na ɓata miki aiki."

"Ni ce ban gaya maka ba."

"Ni ma ai ban tambaya ba."

Daga ciki suka ji an zubar da akwatin sifanu a ƙasa. Danny na cewa fetur ne, Na'ima na ce masa ya buɗe tanki ya gani mana kafin ya yi ta surutu. Aka ja igiya, shiru. Duk ja ɗaya sai kafaɗar Malam Bappayo ta motsa, kamar a jikinsa ake ja. Ya shekara ashirin da huɗu bai taɓa zama yana jin inji na wahala ba.

Ya raɗa mata, "Dakta, tiyo suke kwancewa. Ba can ba ne."

"Na sani."

"Za su zubar da man."

"Su zubar."

Awa biyun kwas ɗin ta cika, ta wuce, babu wanda ya fito. Can aka sake ja, injin ya yi tari sau ɗaya ya mutu, ɗakin ya kaure da ihu. Dattijon ya zabura ya miƙe, har ya kai hannu ga ƙofa.

Ta ce, "Baba, don Allah zauna."

Ya tsaya da hannunsa a kan ƙofar, yana jin Na'ima na cewa a miƙo mata abin kwance filogi, wani na tambayar wanne ne shi a ciki. Bakinsa ya motsa. Sannan ya dawo a hankali ya zauna, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne su.