Tafin Hannu a Wuyan Riga

Sada tela mutum ne mai nemar wa kansa aiki. A shekarar da aka samu mulkin kai ya ga wata tsohuwar kwat a wajen 'yan gwanjo a kasuwar Birnin Kudu, ya juya wuyanta, ya tarar da ɗan ƙyalle mai hoton zaki da rubutu ruwan zinare. Tun daga ranar ya rantse babu rigar da za ta bar shagonsa ba shaida. Sai ya yanki farin alawayyo kamar faɗin yatsa biyu, ya ɗinka "Sada, Birnin Kudu" da ajami da zaren alharini, a gefe kuma ya sa alamar mai rigar: manomi zangarniyar gero, malami allo, mahauci wuƙa. Abokan sana'a suka yi ta masa dariya, wai ado a inda ƙeya kaɗai ke gani. Shi kuwa ko a jikinsa.

Shekara goma sha biyar yana haka, har kuɗin fetur suka shigo, samari suka watse Ikko da Fatakwal neman aiki.

Wata Talata da hantsi wani kofur na 'yan sanda ya zo da riga a naɗe cikin jarida. Ya ce babbar mota ce ta faɗi can gaba da Zariya, mutanen ƙauyen suka binne mamatan a ranar. Ɗaya daga ciki babu takarda a jikinsa, sai wannan riga mai sunan gari. Sada ya juya wuyan, ya ga buɗaɗɗen tafin hannu da koren zare, yatsu biyar ras. Daɗin aikinsa ya riga hankalinsa fita.

"Ta Hadi ce, na Gwaram!" in ji shi.

Kofur ya rubuta, ya bar masa rigar, ya hau kekensa. Sai da ya sha kwana Sada ya tuna dalilin da ya sa ya zaɓar wa Hadi tafin hannu. Tsokana ce. Hadi ba ya iya riƙe riga; kowa ya ce ta yi kyau, sai ya tuɓe ya miƙa masa. Riga bakwai Sada ya ɗinka masa, huɗu ya gan su da idonsa a wuyan wasu. Amma magana zarar bunu ce, kafin la'asar ta isa Gwaram.

Kashegari Malam Ƙasimu, ƙanin mahaifin Hadi, ya sauko daga mota da Kubra, matar Hadi, goye da jinjiri. Wata takwas ke nan rabonta da wasiƙar mijinta, wanda shi ma ya tafi neman aiki. Ta durƙusa a bakin shago, ta gaida Sada, ta ƙura wa rigar ido ba ta taɓa ba.

"Malam Sada," in ji Malam Ƙasimu, "gida ya cika da masu gaisuwa, mun hana su zama. Liman ya ce ba a sa mace takaba a kan zato. Kai ka ɗinka, bakinka muke jira."

"Ni na ɗinka, Malam. Kuma shi na ɗinka wa."

"To, shi ne a ciki?"

Sada ya sake juya wuyan, ya matso da shi kusa da ido. Zaren bai koɗe ba, ajamin na nan tsaf, ko ɗigo bai ɓace ba. Bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma bai taɓa jin kunyar aikinsa irin ta ranar ba. Ya shinshina, ya auna kafaɗa da taƙi, ya duba aljihu, duk don kada ya ɗago kai.

"Baba," in ji Kubra a hankali, "da zai tafi da ita ya tafi. Ya ce mini wannan kam ba zai bayar ba."

"Ya taɓa faɗin haka a kan wata?" in ji Sada.

Ta kawar da ido daga rigar. Can ta ce, "Kowacce haka yake cewa."

Malam Ƙasimu ya yi salati, ya koma gefe ya zauna. Sada ya so ya ce mata ya mutu, ta yi kukanta ta huta. Ya so ya ce mata yana nan da rai. Ko wanne ya faɗa yarda za su yi, kuma abin da ya fi tsorata shi ke nan.

"Ban sani ba, 'yata. Wallahi ban sani ba."

Kubra ta gyara goyo. Sai yanzu ta kai hannu ta ɗauki rigar, ta bi yagewar da ta taso daga hammata har gindi da yatsa, sannan ta ajiye ta a kan keken ɗinkin.

"To, Baba, ka gyara masa ita. In ya dawo ya gan ta haka, faɗa zai yi."